Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hannun Alƙalami

Makon jiya na tsaya a inda na karɓi tasi ta biyu a Shikago, na kuma yi alkawarin yau zan kawo labarin zuwan maiɗakina da yara. A yi mini afuwa, ba shi zan kawo ba. Daren Laraba na yi mafarkin Baba, Allah ya jiƙansa, yana zaune a gindin jirginsa yana ɗinkin taru, tun da na farka kuwa ba abin da ke kai-komo a raina sai ruwa.

Duk wanda ya san gidanmu a Yawuri ya san mu Sarkawa ne gaba da baya. Kaka a ruwa ya tsufa, Baba a ruwa, yayyena uku duk a ruwa. Ni kaɗai aka tsame aka kai boko. Ina aji 4 na firamare na roƙi Baba ya tafi da ni su ko sau ɗaya. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya duba, ya ce, "Hannun alƙalami ba ya jan taru." Ba da faɗa ya faɗa ba. Amma Kawu yana wurin, ya ƙyalƙyale da dariya, daga ranar kuwa maganar ta zama sunana a gidan. In an dawo daga ruwa ana rabon karfasa da tarwaɗa, sai Kawu ya ce a ajiye wa Hannun Alƙalami kai. Da dare su zauna a bakin gaɓa suna hirar yadda kogin yake kafin a gama madatsar Kainji a 1968, da garuruwan da ruwa ya cinye, da yadda kifi ya yi ambaliya a shekarun farko sannan ya ja baya. Ni ina gefe da fitila da littafi. Hirar nan ita ta fi kifin ci mini rai, domin wanda bai jiƙe ba ba shi da bakin magana a cikinta.

Sai da na ba shekara 40 baya, a wata ƙasa, sannan na riƙe fatsa.

Ga yadda aka yi. Wata rana a farkon watan Yuni na sauke fasinja a Elk Grove, yamma da filin jirgin O'Hare, la'asar ta yi, ina neman inda zan shimfiɗa darduma. Na shiga dajin shaƙatawa na Busse, inda aka tare wani rafi ya zama tafki. Da na sallame sai na hangi wani dattijo baƙar fata zaune a kan bokiti, riƙe da doguwar gora, ba inji ba komai, zare kawai da ƙugiya da ɗan ƙwallo ja da fari yana yawo a kan ruwa, abin da yaran garinmu ke yi da totuwar kara. Na tsaya ina kallo har na manta da mota. Bai waiwayo ba ya ce, "Ɗana, tsayuwa ba ta kama kifi, zo ka riƙe mini in ɗaura wata ƙugiyar." Na riƙe. Ko minti 2 ba a yi ba ƙwallon ya yi rawa, ya nutse. Na ɗaga. Abin da ke ƙasa ya juya gefensa yana zagaye, yana ja kamar ya ninka girmansa uku. Wallahi hannuna rawa yake yi.

Bulugil suke ce wa kifin. Dattijon kuwa birim yake kiransa, ya ce haka ake faɗa a Misisipi inda aka haife shi. In ka gan shi sai ka ce ɗan'uwan karfasa ne: faffaɗa, kamar tafin hannun babban mutum, da baƙin tabo a bayan kumatu kamar kunne, da shuɗi-shuɗi a ƙasan haɓa, namijin kuma ƙirjinsa ruwan goro. Ƙayoyin bayansa suna suka, don haka ya nuna mini yadda ake shafo shi daga kai zuwa baya a kwantar da su kafin a damƙe. Bakinsa ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya, a sa mata guntun tana ko gyare. Ba wanda ya taɓa kama hannuna ya nuna mini yadda ake riƙe kifi sai wannan bawan Allah, ni da aka haifa a gidan da ƙarnin kifi ba ya barin tabarma.

Washegari na yanki lasisi. A jihar Ilinoi duk wanda ya kai shekara 16 sai da shi zai jefa ƙugiya, yana kuma ƙarewa a ƙarshen Maris kowace shekara. Abokan aikina sun yi ta mamaki, wai a ce mutum ya biya kuɗi don ya kama ɗan kifin da bai kai na naira kaza ba a gida. Ni ban ga abin mamaki ba. A wurinmu ma ba a faɗa wa ruwa haka kawai sai da sanin Sarkin Ruwa.

Abin da ya fi burge ni da kifin nan shi ne lokacin ƙwansa. In ruwa ya yi ɗumi, wajen digiri 21 a ma'aunin Selsiyos, mazan sukan taso bakin gaɓa inda ruwa bai kai ƙugu ba, kowanne ya share yashi da wutsiya ya yi gurbi kamar akushi. Gurbi kusa da gurbi, da yawa, in ka leƙa daga sama kamar ramukan dara. Mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi abinta, namijin ne ke tsayawa gadi, yana yi musu fifita da ƙege, yana korar duk abin da ya matso. Shi ya sa a lokacin komai ka jefa sai ya kai masa cafka. Dattijo ya ce a garinsu cikar wata ake jira, har ya rantse mini yana jin ƙanshin gurbin daga nesa. Amma duk babban namijin da ya kama a kan gurbi, sai ya zare ƙugiya a hankali ya mai da shi. Matsakaita yake sa wa a bokiti. Na tambaye shi dalili. Ya ce in aka kwashe manyan, ƙananan sai su fara haihuwa tun ba su girma ba, tafki ya cika da tsumburarru, kowa ya yi asara.

Nan take Baba ya faɗo mini. Abin da ya haɗa shi rigima da Kawu ke nan shekara da shekaru: taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. Baba yana cewa wanda ya kama na bana da na baɗi a rana ɗaya, baɗi me zai ci? Kawu yana cewa ruwa ba ya ƙarewa. Wannan Kawun dai shi ne ya sayar da jirgin Baba da injinsa tun ba a yi sadakar arba'in ba, ina nan ban samu takardun da zan je in dawo ba, ya ce wai ai mai boko ba ruwansa da jirgi, hannun alƙalami ne. Na san 'ya'yansa suna karanta wannan rubutu. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba, Inna tana raye, a tambaye ta.

Mu koma tafki. A hankali na gane ba dattijon kaɗai ba ne. Akwai wani tsoho ɗan asalin Folan da ya yi ritaya daga aikin walda, akwai wani ɗan Meziko mai zuwa da 'ya'yansa mata biyu ran Lahadi. Gaisuwar wurin ɗaya ce: "Yau suna ci kuwa?" Daga nan hira ta ɓarke. Ba wanda ya taɓa tambayata takarduna, ko nawa nake samu. Mutumin da ya wuni fasinjoji suna yi wa ƙeyarsa magana shi ya san daɗin a dube shi a ido a tambaye shi da me ya kama wancan. Kuma masunci masunci ne ko'ina: za su ba ka tana, su ba ka ƙugiya, su zuba maka kofi, amma ka tambayi inda aka samo manyan jiya, sai a nuna maka tafkin gaba ɗaya da hannu. Haka Baba yake yi wa mutanen ƙetare.

A bakinsu na ji cewa bulugil mafi girma da aka taɓa rubutawa an kama shi ne a 1950 a tafkin Ketona na jihar Alabama, ya haura kilo 2 da kaɗan, har yau ba a karya ba. Na ce musu a bikin Argungu in ka fito da kifin kilo 2 ko kallonka ba za a yi ba, na ba su labarin giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Ɗan Folan ya ce sai ya gani da idonsa. Shi ne kuma ya ba mu labarin Japan. A 1960 magajin garin Shikago, Richard Daley, ya yi wa Yarima Akihito kyautar wannan kifi. Yariman ya tafi da shi gida Japan, kifin ya bazu a ruwayensu, ya addabi na asali, har a babban tafkin Biwa. A 2007, yana kan gadon sarauta, ya fito bainar jama'a ya nuna baƙin cikinsa a kan abin da ya kawo. Na daɗe ina juya wannan labari. Sarki guda ya amsa kuskurensa a kan ɗan kifi. Ni har yau ko "yi haƙuri" ban ji ba a kan jirgin ubana.

Shekaru bayan haka autata ta dawo daga makaranta tana gaya mini wai bulugil shi ne kifin jihar Ilinoi, yara 'yan makaranta ne suka zaɓe shi a 1986. Na ce mata ai babanki ya riga ki saninsa. Ran Asabar ɗin na kai ta, da ita da yayanta, na kama hannunsu na nuna musu shafar ƙaya. Duka biyun suna boko, duka biyun suna riƙe fatsa. Ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Akwai ranar da na kasa daurewa na gaya wa dattijon maganar Baba. A lokacin muna cin kifin da ya soyo da garin masara irin na mutanen kudu, ni kuma na kawo yajin ƙuli. Ya ajiye nasa, ya yi shiru. Can ya ce shi ma ubansa a gonar auduga ya tashi, da suka hawo jirgin ƙasa zuwa Shikago ya yi rantsuwa ba ɗansa da zai ƙara taɓa auduga, ko labarin gonar ba ya yarda a yi a gabansu. Kakarsa ce ta koya masa fatsa a ɓoye in sun je hutu. Ya ce, "Ɗana, babanka sanyin asuba ya sani, da waɗanda suka shiga ruwa ba su fito ba. Hannun nan yake so ya bushe." Na ce, "Baba, na ji, amma da ya tafi da ni ko sau ɗaya ne." Ya ce, "Da ya tafi da kai sau ɗaya, da ba ka koma aji ba."

Ban ba shi amsa ba. La'asar ta yi, na miƙa masa gorata ya riƙe mini kamar yadda ya saba, na je na yi salla. A sujuda na yi wa Baba addu'ar da ban taɓa yi masa irinta ba. Baba na yafe masa duniya da lahira, in ma akwai abin yafewa. Maganar dai ba ta bar ni ba, ko jiya da na ɗauki biro zan sa hannu a takardar inshora sai da na dubi tafina.

Daren ranar na tura wa Yaya babba hoton kifi 9 da na kama ta WhatsApp. Ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce waɗannan ai 'ya'yan karfasa ne. Sai kuma ya tambaye ni zurfin ruwan, da girman ƙugiyar, da ko sun fi ci da safe ko da yamma. Muka yi kusan awa guda muna maganar kifi, ni da shi, yana tambaya ina amsawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin saukar maiɗakina a O'Hare cikin dusar ƙanƙara da takalmin silifa.