Furojet ɗina da malamin da bai taɓa buɗe shi ba

Duk wanda ya karanta fasahar kwamfuta a Kaduna ya san yadda shekarun farko suke, ba sai na tsaya ba shi labari ba. Mun rubuta umarnin C, wani yaren rubuta manhaja, da biro a takardar jarrabawa, mun haddace matakai 7 na OSI, tsarin da ke bayyana yadda kwamfutoci ke sadarwa da juna, kamar karatun allo, mun yi layi a ƙofar ɗakin kwamfutoci muna jiran a kawo wuta ko a tayar da janareta. Wannan kowa ya sha. Abin da ke cina a rai yanzu da na kammala shi ne aikin ƙarshe, wato furojet, da mutumin da aka ɗora masa duba shi.

Kawuna yana da shagon magani a Kawo, kuma tun ina sakandare nake taya shi zama ranar Asabar. Na san ciwon shagon: komai a littafi yake, magani ya lalace a kan kanta ba a sani ba sai mai saye ya nuna kwanan watan, masu bashi kuma sai wanda aka tuna. Don haka na ce furojet ɗina zai zama manhajar lissafin kayan wannan shago, da yaren rubuta manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL. A nan ne darasin rumbun bayanai da muka yi ta haddacewa ya zauna mini. Tsarin da masanin kwamfuta Edgar Codd ya kawo a 1970, na ajiye bayanai a tebura, wato jadawalai masu layi-layi, masu alaƙa da juna, ashe maganarsa ɗaya ce: kowane bayani ya zauna wuri ɗaya tak. Dilan da ke kawo wa Kawu kaya idan ya sauya lambar waya, a gyara a layi ɗaya, ba a bi rasit ɗari ana gogewa ba. Sannan farasitamol iri ɗaya yana iya zuwa a kwali biyu masu ranar lalacewa daban, saboda haka dole zuwan kaya ya samu nasa teburin daban, kowane zuwa da layinsa, ba a cusa shi cikin teburin sunayen magunguna ba. Babu malamin da ya kawo mana misali irin wannan a aji. Kanta da kwalaye suka koya mini.

Ranar da na kai wa mai duba aikina wannan tsari, bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ce, “Kai yaro, ka fi waɗanda suka riga ka ne? Je ka shagon nan na bakin ƙofa, ka ce ni na turo ka.” Kowa a sashenmu ya san shagon. Tsofaffin furojet ne jibge, yawancinsu da yaren rubuta manhaja na Visual Basic 6, wanda ya fito tun 1998, kuma Microsoft ta daina kula da shi tun 2008. A sauya suna, a sauya shekara, a ɗaure da bango mai kauri, ka biya. Na ce, “Yallaɓai, a yi haƙuri, na riga na yi nisa da nawa.” Daga ranar na shiga uku. Babin da na kai sai ya kwana makonni a kan tebur, in je a ce in dawo gobe, in dawo a ce Dokta ya fita. Idan takardun suka dawo, jan biro yana kan girman haruffa da faɗin gefen shafi, babu ko kalma ɗaya a kan abin da manhajar take yi.

Mafi zafi shi ne da lokacin kare aiki ya matso, sai ya kai ƙarata wurin shugaban sashe cewa daga intanet na kwaso aikin. Mutumin da ya tura ni in sayi na wani, shi ne yake tuhumata da sata.

Abin da ya cece ni ba a aji na samo shi ba. Lokacin SIWES, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, a wani ƙaramin ofishi da ke kan titin Ahmadu Bello, wani babban yaya da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya hana ni taɓa komai sai na koyi Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke ajiye tarihin duk wani gyara da aka yi wa aiki, da rana da sa'a da abin da aka sauya. Na buɗe wa shugaban sashe wannan tarihi. Ya ga aikin yana girma tun daga shafi ɗaya, ya ga inda lissafin ragowar kaya ya karkace da daren da aka daidaita shi. Ya yi shiru, ya ce in je. Maganar ta mutu a nan, ba wanda ya ce mini a yi haƙuri, kuma makin da mai duba aiki yake bayarwa yana hannunsa. Na fita da C. Waɗanda suka je bakin ƙofa, da yawansu A da B suka samu.

A ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata makaranta ya tambayi ɗaya daga cikinsu inda manhajarsa take ajiye kalmar sirrin masu shiga. Bai sani ba. Da aka buɗe teburin, ga su nan a fili, kowa na iya karantawa. Ban ji daɗin kunyar da ya sha ba, don ba shi ya ƙirƙiro wannan hanya ba, nuna masa aka yi. Amma abin ya tsaya mini, domin irin wannan ɗalibi gobe shi za a ba bayanan marasa lafiya a asibiti ko na albashin ma'aikata. Kalmar sirri ana juya ta ne zuwa wasu haruffa da ba a iya mayar da su asalinsu kafin a ajiye, kuma ba a barin abin da mutum ya rubuta a akwatin shiga ya wuce kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, don kada ɓata-gari ya cusa nasa umarnin ta nan. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Sakaci irin wannan yanzu yana iya kai mutum gaban hukuma.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Aikinka ya zauna wuri biyu aƙalla, filash kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ka iya matse kan kebul ɗin haɗa kwamfutoci da hannunka, ka iya raba adireshin IP, wato lambobin da ake gane kowace kwamfuta da su a hanyar sadarwa, ba tare da duba waya ba, don su ake fara tambaya a wurin neman aiki. Ka saba karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ka kira wani. SIWES kuma kada ka yarda ka kai littafin rahoton aiki a sa maka hannu alhali kana zaune a gida.

Kawu har yau yana amfani da manhajar, kuma ita ke gaya masa maganin da ya rage wata 3 ya lalace. C ɗin ma yana nan a takardar sakamakona, duk inda na miƙa ta sai an gani. Na ji an sake ba Dokta sababbin ɗalibai bana. Waɗanda suka zo wurina na ce musu su buɗe Git tun ranar da aka amince da taken aikinsu, kuma duk babin da za su kai masa su riƙe kwafi mai kwanan wata, su sa sakataren sashe ya sa hannu cewa an karɓa.