Yadda na rabu da tsohuwar rautar gidana

Duk wanda ke da rauta irin mai saka layi a gida ya san wannan ciwon kan, waya ta nuna maka waifai a cike fal amma ka tura saƙo a WhatsApp ɗan agogon nan ya tsaya ƙyam ya ƙi tafiya. Haka muka yi ta fama a gidana a Kano tun wajen watan Maris da zafi ya fara shigowa, da safe lafiya lau, ana yin azahar sai abu ya tashi, ya ɗauke ya dawo ya ɗauke ya dawo. Uwargida na sayar da atamfa da leshi ta waya, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa kwastoma na can na jira, yara kuma kowa "Abba data ta ƙare ne?" alhali ni na san abin da na biya, kuma tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a Janairun 2025 ba wanda zai yarda wata ya wuce bai mori kuɗinsa ba.

Duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai kamfanin ne, ka canza layi kawai. To amma hanya biyu ce a cikin abin, akwai wadda ta taso daga dogon ƙarfen sabis zuwa rauta, akwai kuma wadda ta taso daga rauta zuwa wayarka, kuma waɗannan sandunan waifai da kake gani a saman waya labarin hanya ta biyu kawai suke ba ka. Kamar fayif ɗin cikin gida ne, yana iya zama garau amma babu ruwa daga waje. Don haka kafin in kashe ko sisi sai da na raba su. Da rana tsaka lokacin da abin ya fi tsanani na zare layin na sa a wayata, ya yi aiki, ba gudu sosai ba amma bai yanke ba. Na mayar da shi, na ɗauko kebul na haɗa laftof da bayan rautar kai tsaye na kashe waifai ɗin laftof ɗin, can sai ga shi ya yanke ta kebul ɗin ma. Kenan ba sabis ba ne ba kuma iskar waifai ba ce, akwatin kansa ne ko wutar da ke shigarsa.

Idan ka kifa rauta za ka ga wata 'yar takarda manne a ƙarƙashinta, akwai adireshi na lambobi, tawa 192.168.0.1 ce, wasu 192.168.1.1 wasu kuma 192.168.8.1, ka rubuta a burauza ka sa suna da kalmar sirrin da ke jikin takardar sai ka shiga cikinta. Mutane da yawa sun shekara da rauta ba su taɓa leƙa nan ba, kuma nan gaskiyar take. Akwai lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin siginal ne daga ƙarfen sabis, tana zuwa da alamar ragi, -80 mai kyau ce, idan ta gangara wajen -110 to da ƙyar ake sha. Ta biyu tsabtar siginal ɗin ce, iya girmanta iya kyanta, sama da 13 ba laifi, idan ta kusa 0 ko da sanduna sun cika ba abin da zai tafi. Tawa a inda take zaune bayan talabijin -105 take nunawa, na ja ta zuwa taga ta koma wajen -92, tazarar da ba ta kai taku shida ba fa.

Amma abin da ya tona asirin wani ɗan layi ne da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Na kunna ta tun asuba, ga shi la'asar ta yi, ita kuma tana cewa minti 9. Ashe kashe kanta take ta sake tashi, mu kuma fitilun gabanta ba ma kallo. Na taɓa adaftar na ji zafi zau, gefenta ɗaya har ya ɗan kumbura. A jikinta an rubuta 12V 1A, na samo wata mai 12V 1.5A, don ƙa'idar ita ce lambar V dole ta zo daidai da ta asali, ta A kuwa in ta ɗan fi ba komai amma kada ta gaza, kuma ka duba bakin ya shiga ramin daram da ɗan zanen da ke nuna inda + yake. Abin ya ragu sosai amma bai daina ba, da rana ta take sai ta sake. Sai na yi wani gwaji na ƙauye, na sauke ta daga kan dikoda inda zafin su biyu ke haɗuwa, na juyo mata 'yar fanka mai caji tana hura ta, ranar har magariba ba ta ɗauke ba. Na janye fankar washegari ta koma halinta. A watan Afrilu Kano na haura digiri 40, ga kwano a sama, kayan cikinta sun gaji kawai, kuma ni ba zan ajiye wa rauta fanka ta musamman ba ina zufa.

A shafin nan na saitin rautar dai na ga jerin wayoyin da ke haɗe, na ƙirga na gidana na ga ragowa, har da sunayen wayoyin da ban taɓa saya ba. Kalmar sirrin ta yi tafiya har majalisar ƙofar gida, yanzu da Android ke ba da damar raba waifai da hoton QR ba sai yaro ya ma san kalmar ba, ya nuna wa abokinsa allo shi ke nan.

Na je kasuwar waya ta Farm Centre neman sabuwar rauta. Mai shagon na ganina ya jawo mai 5G, "Alhaji wannan ce taka, ka huta gaba ɗaya." Na ce masa ɗan'uwa unguwarmu wayata mai 5G ba ta taɓa nuna min shi ba ko sau ɗaya, in biya kuɗin abin da ba zan sha ba? Ya yi dariya ya mayar. Abin da na nema buɗaɗɗiya ce wadda ba a kulle ta da layin kamfani ɗaya ba, don tsohuwar kullalliya ce duk ranar da sabis ɗinsu ya yi ƙasa sai dai mu zauna. Sai kuma ajinta, akwai Cat 4 da iyakar gudunta 150 Mbps a takarda, akwai Cat 6 mai 300 wadda ke iya haɗa zango biyu na sabis lokaci guda, ba wai za ka taɓa ganin waɗannan lambobin a gidanka ba amma ta biyun ta fi juriya idan an yi cunkoso. Na duba tana da ramukan eriya biyu a baya ko wata rana zan ɗora eriya a rufi, kuma ban ba da kuɗi ba sai da muka sa layina biyu ɗaya bayan ɗaya a cikin shagon na ga kowanne ya hau. Ɗayan sai da aka rubuta masa APN, wato saitin da layi ke hawa intanet da shi, da hannu, ka tambaya a yi maka tun a can.

A gida na kafa mata ɗan katako a bango kusa da tagar nan, sama da kai, nesa da talabijin. Wani ya ba ni dabara cewa in ka sa wa sabuwa suna da kalmar sirrin tsohuwa duk wayoyin gida za su hau da kansu, gaskiya ne, amma ni hakan na nufin 'yan majalisa ma su hau da kansu, sai na canza duka, na sa tsarin tsaro na WPA2, na kashe WPS da ke barin waya ta hau ba tare da kalmar sirri ba, na canza har kalmar shiga shafin saiti wadda yawanci admin ce kowa ya sani.

Tana ba da waifai kala biyu, 2.4 da 5 GHz, kuma wannan 5 ɗin ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya duk da masu shago na cakuɗa su. Na raba musu suna don in san wanda nake kai. Na 5 a falo gudu kamar me, amma bangon bulo biyu ya ishe shi, a ɗakin uwargida da ke can baya ko ganinsa ba a yi, na 2.4 ne ke kaiwa, talabijin ɗinmu ma shi kaɗai take gani. Shi kuma 2.4 matsalarsa maƙwabta, kowa na kai, na sa wata manhajar duba tashoshi na ga kusan duk layinmu sun taru a tasha 6, na koma 11, don 1 da 6 da 11 su ne ba sa hawa kan juna. Na ƙara da ɗan ƙaramin UPS, wato batirin ajiye wuta, mai fitar da 12V, yanzu ko an ɗauke wuta ko ana juyawa zuwa inji ba ta mutuwa.

Yankewar rana ta tafi. Abin da ya rage shi ne bayan isha'i zuwa wajen 11 na dare gudun na raguwa, lambobin siginal na nan yadda suke, mutanen unguwa ne kowa ya dawo gida ya hau ƙarfe ɗaya, wannan ba rautar da za ta gyara shi. In ya matsa sai in sa ɗaya layin, manyan abubuwan saukewa kuma na ce wa yara su bari sai bayan asuba.