Na sauke motata ƙasa, titunan Maradi suka sa na ɗaga ta

BMW 330i ce, ƙirar E46, ta shekarar 2003. Injinta silinda shida ne a jere, lita 3, ƙarfin doki 231 a takarda, ko da yake bayan shekara ashirin da ɗoriya na san wasu daga cikin dawakan sun tsufa. Ta Kwatano ta shigo tun kafin a rufe iyakar Benin a 2023, ta yi zamanta a Yamai, sannan ta faɗo hannuna. Inji lafiya lau. Ƙafafun ne ba su da daɗi. In na taka birki sai ta duƙar da hanci kamar raƙumi zai durƙusa, in kuma na haura 100 a hanyar Tasawa sai sitiyari ya kama ɓari.

Maimakon in kai ta a duba, sai na tare a YouTube ina kallon ƴan Jamus da motocinsu a kwance, ciki na shafar kwalta. A fadarmu ta unguwar Zariya kuwa, da zarar shayi ya kai na biyu kowa ya zama makanike. Baki ya zo ɗaya: a sauke ta. Kuma maganar da ƙamshin gaskiya a cikinta, don in nauyin mota ya kusanci ƙasa ba ta jirkicewa sosai a kwana. Abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne, sauke mota na nufin gajarta sifirin, naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta, kuma gajeren sifirin dole ya yi tauri, tunda tazarar da taya za ta yi sama da ƙasa ta ragu. A kan kwalta mai sumul wannan riba ce. A kan hanya mai gargada sai tayar ta riƙa tsalle, taya kuwa in tana iska ba ta riƙe da komai.

Na yi saƙo Kano, wani direba ya taho mini da irin waɗanda ake kira koyiloba, wato amortisa, mai shanye girgiza, da sifirin a haɗe, masu zare da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke. Kwalin ko sunan kirki babu. Aka sauke ta santimita 4, na ƙara da janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai inci 18 da taya mai lamba 225/40. Ranar na ɗauki hoto ya fi talatin.

Mako uku aka yi ana daɗi, ko in ce ina nuna kamar ana daɗi. Duk tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ƴan kabu-kabu na danna mini oda a baya. Na ɗauki mahaifiyata zuwa suna a Tibiri, ba mu yi nisa ba ta dafe ƙugu ta ce, "Kai, wannan mota ce ko amalanke?" Na ce, "Inna, haka ake yayinsu yanzu." Da za a dawo sai ta bi motar ƙanwarta.

A watan Agusta aka yi ruwan dare, da safe na bi layinmu wanda ba kwalta, ruwa ya kwanta ya rufe wani dutse. Ƙara ɗaya na ji, ƙwal, jar fitilar mai ta kama. Allah ya sa na kashe inji nan take. Kaskon man wannan motar na alminiyom ne, ba ya lotsewa kamar na ƙarfe, fashewa yake yi. Na tsaya ina kallon man da na zuba kwana biyar da suka wuce yana bin ruwan sama.

Garejin da aka ja ta zuwa na wani dattijo ne da ke taɓa motocin Jamus tun zamanin Mercedes 190. Bai ce komai a kan kaskon ba. Ya sa aka ɗora ta kan rami, ya kira ni in sauko, ya zura dogon ƙarfe a gindin hannun da ke riƙe tayar gaba, ya ɗan danna. Hannun ya motsa kamar haƙori mai girgiɗi. Robar da ke wurin, silambulok, irin mai ruwa a ciki ce, ta tsage ta tsiyaye tuntuni, ta bar baƙin tabo da ƙura ta manne a kai. Ya sa farce ya ɓantaro gefenta, ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

"Ɗana, ga ɓarin sitiyarinka nan. Ka bar jaki kana dukan taiki."

"To Baba, su waɗanda na sa fa?"

"Su ma su ne suka ƙarasa maka na baya."

Ya buɗe but, ya ɗage shimfiɗa, ya nuna mini mazaunin amortisan baya, robarsa ta rabu biyu. Sannan ya koma ƙasa da tocila ya daɗe yana duba inda gadar ƙafafun baya ta kama jikin mota. An san E46 da tsagewa a wannan wurin, kuma ƙafa mai tauri a hanya mai ramuka ƙara wa ƙarfen wahala take yi. Nawa bai tsage ba. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 da yashin garin nan sun riga sun dafa duk wata roba da ke ƙarƙashin motar, ni kuma na zo na ɗora mata duka.

Aikin da muka yi a karo na biyu ba ya fitowa a hoto. An mayar da sifirin mai tsawon asali. Amortisa kuwa na tsaya na yi karatu tukuna. Bilstein suna da B4 wanda yake daidai da na kamfani, da B8 da aka gajarta don motar da aka sauke, sai B6 a tsakiya, mai riƙo fiye da na asali amma a tsawon asali. Shi na zaɓa. Bututu ɗaya gare shi da iskar gas mai matsi, yana saurin fitar da zafi, man ciki ba ya kumfa in an daɗe ana girgiza, kuma a hanyoyinmu girgiza ba ta yankewa. Ƙanen matata da ke Faransa ya saya ya aiko, don na ji tsoron jabu. Na jira wata biyu ina hawan kabu-kabu, ƴan fada suna tambayata ina amarya.

Robobin duka an canza, har da rotil, wato gaɓar da ke haɗa hannun da gindin taya. Na so in sa jajayen nan masu tauri da ake yabo a intanet, Baba ya ce ƙura za ta sa su riƙa kuka, kuma bayana ne zai biya. Muka tsaya kan roba. Janti ya koma inci 17 da taya 225/45. Bambancin kamar ba komai: gefen tayar 18 milimita 90 ne, na 17 kusan 101. Amma santimita ɗayan nan shi ke fara karɓar bakin rami kafin janti ya ji. Na so ma in sauka zuwa 16, faifan birkin 330i ya yi masa girma.

Abu ɗaya da na ga ya yi ya tsaya mini a rai. Bai ƙarasa ɗaure kusoshin robobin baya ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta. Ya ce in aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba ta kai damina biyu. Yaron garejin da ya yi gaggawar jawo sifana sai da ya sha harara. Daga nan aka kai ta aka daidaita tayoyi a na'ura.

Na gwada ta a hanyar Gidan Rumji da sassafe, kafin manyan motoci su fito. Sitiyari tsit. Na taka birki, hancinta ya ɗan sunkuya ya tsaya. Wani faci da a da yake jefa bayanta gefe, ta haɗiye shi da ƙara ɗaya. A kwana tana ɗan jirkicewa fiye da lokacin da take kwance, wannan ba zan ɓoye ba, sai dai tayoyin huɗu na ƙasa kuma ina jin su a tafin hannuna.

Koyiloban suna cikin buhu a zaure. Wani yaro mai Golf ya zo sau biyu yana tayi, na ce masa ba za su shiga motarsa ba, ya ce zai sa a yi musu dabara. Inna dai ta sake shiga ranar Juma'a, har ta yi gyangyaɗi kafin mu kai Tibiri.