Takalmin da ya ɓata mini tafiyar Chappal Waddi

Yau mako shida da dawowata daga gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihar Taraba, kuma sai shekaranjiya farcen babban yatsana na ƙafar dama ya cire. Tun da na dawo baƙi ƙirin yake. Abokai suna ta tambayar labarin dutsen Chappal Waddi da muka hau, ni kuwa ko ta ina na fara sai zancen ya dawo kan takalmi.

Ana jibi za mu tafi na shiga kasuwa na sayi takalmin hawan dutse na gwanjo, mai kauri, mai kyau a ido. Da na gwada sai na ji ya ɗan matse ni ta gaba. Mai shago ya ce zai saki in an taka. Na jefa shi cikin jaka, ban sake sa shi ba sai a gindin dutsen. Wautar ke nan, kuma ni na yi ta da hannuna.

Hanyar Jalingo zuwa Bali zuwa Serti doguwa ce, mai zuwa ya shirya. A Serti hedikwatar gandun take, nan muka yi rajista aka haɗa mu da jami'in da zai raka mu. Daga nan muka haura tsaunin Mambila ta Mayo Selbe har Nguroje, sannan 'yan acaɓa suka kai mu inda abin hawa ba ya wucewa.

Jami'in nan dattijo ne. Tun ba mu ɗaga ba ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, ka taɓa yin tafiya da wannan takalmin?" Na ce a'a, Baba, sabon saye ne. Ya jinjina kai ya yi shiru. Shi takalmin roba ne a ƙafarsa, irin na makiyaya, kuma wallahi a raina na raina shi.

Wurin dai ya wuce yadda ake ba da labari. Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, Fulanin yankin suna ce masa Gangirwal. Gandun kansa, da aka kafa a 1991, ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000. Kana tafiya cikin ciyawa iya gwiwa, kwatsam sai ƙasa ta yanke a gabanka, ga kwazazzabo mai zurfi da kurmi cunkushe a ƙasansa, ga bangon dutse tsaye kamar an datse shi da gatari. Ruwan ƙoramun da ke gangarowa daga nan, wanda ke ƙarewa a Binuwai, in ka sa hannu sai yatsunka su ƙandare don sanyi. Duk wannan na gan shi, amma rabin hankalina yana kan duddugena.

Kafin azahar bororo ya fito a dugadugaina duka biyun. Da la'asar sun fashe, safa ta manne da jini. Dare ya yi da sanyin da ban taɓa zaton akwai irinsa a ƙasar nan ba, ina rawar ɗari, ƙafa tana zugi. Washegari da ƙyar na kai ƙololuwa. Na tsaya gajimare yana ƙasa da ni, tsaunukan Kamaru jere har iyakar gani, na yi hamdala hawaye na zuba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Ashe saukowa ce babbar azaba. Kowane taku sai yatsu su doki gaban takalmin, nan farcen ya mutu. Da muka iso wata ruga na zauna na kasa tashi. Baba ya yi magana da mutanen da Fulatanci, wata dattijuwa ta kawo mini kindirmo a ƙwarya, wani saurayi ya sayar mini da takalminsa na roba. Da shi na ƙarasa, irin wanda na raina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na jawo wa abokan tafiyata asarar yini guda. Mun tsara mu biya ta ƙauyen Gashaka mu shiga kurmin da biran cimfanzi suke, dole aka soke. Babu wanda ya ce mini uffan, shirun nasu kuwa ya fi faɗa zafi.

Don haka in za ka je, ka sayi takalmi tun da sauran wata guda, wanda ya ɗan fi ƙafarka, ka yi ta yawo da shi da safa mai kauri. Ka yanke farce, ka riƙe filasta da rigar sanyi ta gaske, ka je da rani tsakanin Disamba da Maris. In mai rakiya ya dubi kayanka ya yi tambaya, ka tsaya ka ji dalilinsa.

Ni dai na riga na faɗa wa abokaina, in Allah ya kai mu Janairu mai zuwa za mu koma kurmin nan, kuɗin mota a kaina.