Maɓallin da ba ya jin yatsa a cikin danfo

'Yan uwa masu haɗa manhajar Android a Legas, a riƙa gwada aiki a cikin danfo, wato ƙaramar motar haya, ba a kan tebur kawai ba. Motar na jijjiga a hanyar Agege, yatsa na zamewa, gilashin wayar kuma ya tsage, a nan ake gane maɓalli mai kyau.

Yawancin matsalar tana cikin onTouchEvent, wato wurin da manhaja ke karɓar saƙonnin taɓa allo. Idan ACTION_DOWN (saukar yatsa) ya zo ka mayar da false, wato ba ka karɓi taɓawar ba, shi ke nan, ba za ka ƙara ganin ACTION_MOVE (motsin yatsa) ko ACTION_UP (ɗaga yatsa) ba. Kuma kada ka aiwatar da umarni tun a saukar yatsa, jira a ɗaga shi. Zamewar da ba ta wuce 8dp (dp ma'aunin tsawo ne a allon Android) ba dannawa ce, ba ja ba. Ɗauko ainihin adadin daga ViewConfiguration, inda Android ke ajiye irin waɗannan ma'aunai, kada ka rubuta shi da ka.

Wanda aka fi mantawa shi ne ACTION_CANCEL, saƙon soke taɓawa. Maɓalli yana cikin ScrollView, wato uwar shafin da ake ja sama da ƙasa, uwar ta ƙwace taɓawar, shi kuwa ya maƙale da launin dannawa. Mayar da shi yadda yake a nan. In kana buƙatar jan da kanka, kira requestDisallowInterceptTouchEvent don hana uwar ƙwace taɓawar.

Faɗin wurin taɓawa kada ya gaza 48dp, Apple kuwa 44pt suka ce da nasu ma'aunin. A kira performClick, mai sanar da cewa an danna, saboda makafi masu amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta musu allo.

Maɓallin biyan kuɗi kuma, don Allah a kulle shi daga dannawar farko. In netwok ya yi nauyi, mutum sai ya danna sau uku.