Na Biya Kuɗin Zagayen Gonakin Inabi, Ashe Zagayen Kofuna Ne

A watan Agusta na je birnin Cape Town na Afirka ta Kudu halartar taron kwana huɗu a kan noman rani, kuma da yake jirgin dawowata sai daren Lahadi, Asabar ta zame mini rarar kwana. A teburin karɓar baƙi na masaukinmu na ga wata takarda mai hoton layukan inabi kore shar a gindin duwatsu, an rubuta cewa mota za ta ɗauki mutum da safe ta zagaya da shi gonaki uku a Stellenbosch da Franschhoek, tare da ɗan jagora da abincin rana. Yayana yana da gonar inabi a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kuma shekara uku ke nan muna fama da rashin daidaituwar toho bayan an yi wa kuringar aski, wato an yanke mata rassa, saboda haka ina ganin kalmar gona sai zuciyata ta ce mini ga makaranta ta zo har gida. Na ciro kati na biya sama da rand dubu ɗaya ban yi tambaya ko ɗaya ba. Wannan rashin tambayar shi ne abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba wai ban san ana yin giya da inabin yankin ba; wannan kowa ya sani. Abin da na ɗauka shi ne za a raba yinin biyu, masu sha su je su sha, mu kuma masu son ganin ƙasa da shuka a shiga da mu cikin kunyoyi. Ashe a irin wannan zagaye gona ado ce kawai, abin da ake hange ta taga ko ake jingina da shi a ɗauki hoto, kuɗin da mutum ya biya kuwa mafi yawansa na kofunan da za a jera masa ne, biyar ko shida a kowace gona.

Mu goma sha uku ne a motar, kuma ni kaɗai ne da littafin rubutu a hannu. Tafiyar kusan kilomita 50 ce, ɗan jagoran kuwa ya iya bakinsa, ba zan hana shi wannan ba. Daga gare shi na ji cewa Jan van Riebeeck ya rubuta a kundinsa ranar 2 ga Fabrairun 1659 cewa an matse inabin Cape karo na farko, cewa Simon van der Stel ne ya kafa Stellenbosch a 1679, kuma Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini sun fara isowa a 1688 aka zaunar da su a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Ina ta rubutawa ina jin daɗi, har muka fara shiga gonakin, na ɗaga kai na duba ta taga. Babu ganye ko ɗaya. Kuringar duk ta zama ƙirare, baƙaƙen kututture a jere da busassun rassa a kan waya, sai ciyawa kore a tsakanin layuka, ga yayyafi yana sauka. Ni da nake koya wa manoma lissafin yanayi, na manta cewa Agusta tsakiyar hunturu ne a can, girbi kuwa sai daga Janairu zuwa Maris. Hoton takardar nan na wani lokaci ne dabam, kuma da na buɗe baki na tambayi matar da ta karɓi kuɗina da ta gaya mini cikin daƙiƙa biyar.

A gona ta farko an shiga da mu ɗakin ajiya mai sanyi, inda gangunan katakon oak masu cin lita 225 suke jere har kusa da rufi, aka yi mana bayani na minti goma, sannan aka wuce da mu wani dogon tebur da aka riga aka shirya. Kofuna goma sha uku sau biyar, har da nawa. A nan ne na gane inda na kawo kaina. Na ce wa yarinyar da take zubawa ni Musulmi ne, ba na sha, sai ta yi murmushi ta nuna mini wani ɗan bokiti ta ce ai ba dole ne in haɗiye ba, masana ma kurkure baki suke yi su tofar. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani, amma ban san ta inda zan fara yi mata bayanin cewa ko zaman teburin ma nauyi yake yi mini ba. Na ja kujerata baya, daga bisani na miƙe na fita baranda na tsaya ina kallon ruwan sama, ina jiyo dariyarsu da ƙarar kofuna, ina lissafa rand ɗina zuwa naira. Ɗan jagoran ya biyo ni ya ce da na faɗa tun lokacin biyan kuɗi da an tanadar mini ruwan inabi marar maye, ko ma a rage mini wani abu, amma yanzu an riga an ba gonakin adadin mutane. Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni haushi.

Direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu, bai ce uffan ba tun safe. Da ya gan ni tsaye ni kaɗai sai ya matso ya yi mini sallama cikakkiya, ya kira ni da boeta, kalmar da Musulmin Cape suke kiran ɗan'uwa da ita. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni wannan zagaye, na gaya masa labarin gonar Yayana. Ya yi dariya har yana dafa motar, sannan ya faɗi maganar da ta ƙarasa kashe mini jiki: inabin da ake nomawa a nan ba irin namu ba ne. Na giya ƙanana ne, masu kaurin ɓawo da 'ya'ya a ciki, kuma da gangan ake hana kuringar yin 'ya'ya da yawa domin zaƙi da ɗanɗano su taru a kaɗan. Wanda yake son ganin inabin ci, manya-manya da ake ɗora wa a kan rumfa ana tattalin kowane nono kamar jariri, kwarin Hex River ya kamata ya nufa, wajen garin De Doorns a kan babbar hanyar N1, tafiyar kamar awa biyu daga Cape Town. Wato ko da a lokacin girbi na zo, ko da an shiga da ni kunyoyin, ba makarantar da nake nema ba ce.

A gona ta biyu ban ko shiga ɗakin ɗanɗanon ba. Na nemi izini a wurin ɗan jagora, ya ce minti arba'in gare ni, kada in yi nisa. Yayyafin ya ɗauke tun muna hanya, na bi wata 'yar hanyar tarakta ta bayan ginin, takalmina na taro yana nutsewa a laka, sai na ci karo da mutum biyar suna yi wa kuringa aski. Ashe lokacin da na raina shi ne lokacin aikin da ya fi damuna. Babbansu, wani mutum mai hular ulu da almakashi a hannu, ya ga na tsaya ina kallo ya yafito ni. Turancinsa gauraye yake da Afirkans, amma hannunsa ya fi bakinsa bayani. Ya kama hannun kuringar da aka miƙar a kan waya, ya nuna mini yadda ake barin guntun reshe a kowane tazarar tafin hannu, a kowane guntu kuma ido biyu kacal, wato wuraren da toho yake fitowa, sauran duk a zubar. Ya yanka a karkace, nesa kaɗan da idon, domin ruwa ya gangare kada ya kwanta a kan ciwon. Ya ce da safe ba su fito ba saboda ba a aski cikin ruwa, ta sabon yanka cutar funfuna take shiga kututture, kuma sai bayan shekaru ake ganin hannun ya bushe. Manyan yanka kuwa shafe su suke yi da wani magani mai kauri kamar fenti.

Na tsuguna na duba gindin wata kuringa na ga kumburin aure, wato inda aka haɗa reshen wani iri da saiwar wani, a ɗan sama da ƙasa. Ya ce kusan duk abin da nake gani mai aure ne, saiwar ta inabin Amurka ce, saman kuma irin da ake so, tun bayan da ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya shigo Cape a 1886 ya yi wa gonaki kaca-kaca. Na gaya masa mu a wurinmu babu sanyin da zai sa kuringa barci, sai dai mu tsige ganye mu rage ban ruwa mu tilasta mata hutawa. Ya girgiza kai yana mamaki, ya tambaye ni ido nawa muke bari. Da na faɗa masa cewa masu yi mana aski kowa da yadda yake yi, wani ya bar uku wani ya bar bakwai a kuringa ɗaya, sai ya ɗaga almakashinsa ya ce to ta yaya za su farka tare. Irin inabinmu dabam ne, kuma wasu nau'o'in na ci dogon reshe suke so ba guntu ba, amma maganar daidaita hannun masu aski ta zauna mini daram. Shekara uku muna zargin taki da ruwa, ba mu taɓa tsayawa a bayan ma'aikaci mun ƙirga idon da yake bari ba.

Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ji hon. Na dawo da gudu, wandona jage-jage da laka, na tarar da mutum goma sha biyu a zaune cikin mota suna jirana kusan kwata, fuskokinsu sun yi ja, wasu na dariya wasu sun ɗaure. Ɗan jagoran ya ce saura kaɗan ya bar ni, domin gona ta gaba ba ta ɗaga lokacin tebur. Na ba da haƙuri, amma a raina ban yi nadamar ko minti ɗaya ba.

Abincin rana ma rashin tambayar nan ya biyo ni. Faranti ne na cuku da burodi da zaitun da yankakken nama iri-iri, har da na alade a gefe ɗaya, naman da aka dafa kuma da giya aka yi romonsa. Burodi da zaitun na ci daga wani faranti dabam da na roƙa. Direban ne ya buɗe mini bayan motar ya ba ni dardumarsa da gorar ruwa, na haɗa Azahar da La'asar a gefen wurin ajiye motoci, a ƙarƙashin wata tsohuwar ƙararrawa da ke rataye tsakanin farin ginshiƙai biyu. Ɗan jagoran ya nuna mana ita tun da farko a matsayin wurin ɗaukar hoto. Direban ne ya gaya mini ƙararrawar bayi ce, da ita ake tashinsu aiki kafin a soke bauta a 1834, kuma bayan bautar ma an daɗe ana biyan leburorin gonaki wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop, wanda doka ta hana tun 1960 amma bai mutu ba a wasu wurare sai cikin shekarun 1990. Da muka hau ta mashigar Helshoogte muka ratsa ƙauyen Pniel, ya ce mini a hankali an kafa shi ne a 1843 domin 'yantattun bayi. A lasifika kuwa ana ta bayanin inabin Pinotage da Abraham Perold ya samar a 1925. Ban ce ɗan jagoran ya ɓoye wani abu ba, amma ya san abin da fasinjojinsa suka biya kuɗi su ji.

Kuskurena na ƙarshe a shagon gona ta uku na yi shi, kuma shi ne ya fi ba ni kunya domin a lokacin ya kamata a ce na yi hankali. Ina son in koma gida da tsaraba, na ga kwalabe a wani kanta dabam an ce an cire musu barasa, na sayi biyu. Sai da daddare a masauki na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar, na ga giya ce aka yi ta cikakkiya sannan aka zare mata maye, kuma tana iya ɗauke da ragowar da ya kai kashi 0.5 cikin ɗari. Ruwan inabi zalla wanda bai taɓa tsami ba yana nan a shagon, a kanta na gaba, da rabin kuɗin. Duk wanda zai saya ya karanta bayan kwalba tun yana tsaye a gaban mai shago, kada ya dogara da babban rubutun gaba. Na bar su a kan teburin ɗakin na fito.

A hanyar dawowa direban ya nuna mini wata mahaɗa wajen Macassar ya ce hubbaren Shehu Yusuf yana can ciki kaɗan, malamin da Turawan Holan suka yi wa ɗaurin talala a nan a 1694 ya rasu a 1699. Zagayen rukuni ba ya karkata saboda mutum ɗaya, don haka ta taga na hango hanyar muka wuce. Da na ɗauki hayar wannan dattijo shi kaɗai na yini, ina kyautata zaton da kuɗin da ba zai fi wanda na kashe da yawa ba, da na ga hubbaren, na yi salla a masallacin Stellenbosch, na kuma yini a bayan masu aski.

Da na kira Yayana a daren na zayyana masa komai, shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce, “To ƙanena, kuɗin nan dai ba ka sha ba, ba ka ci ba, me ka kawo mana?” Na ce, “Yaya, shafi ɗaya da rabi.” Da lokacin askinmu ya zo ni na tsaya a bayan ma'aikata da wannan shafin a aljihu, muka zaɓi layi huɗu muka daidaita adadin ido a kowace kuringa, muka shafe manyan yanka, muka bar sauran gonar yadda aka saba domin mu kwatanta. Na kuma rubuta wa wata gonar inabin ci a wajen De Doorns wasiƙa ina neman ziyara a watan Janairu, kuma kafin in kai ga maganar kuɗi sai da na jera musu tambayoyi tara.