Wasiƙa daga Coventry: Kalmar da ba a rubuta a bango ba

Zuwa ga 'yan'uwana cikin Almasihu na Kaduna, da Zariya, da Jos, da Mubi, da duk inda wannan takarda ta riske ku.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da halin da ake ciki? Mu nan Ingila lafiya lau, sai sanyi da aiki.

Maganar ƙanwata ce ta sa ni wannan rubutu. Kwanakin baya mun yi waya bayan wani hari da aka kai wani ƙauye, sai na ce mata mu yi wa maharan addu'a. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, kina can cikin ɗaki mai ɗumi, kada ki ƙara yi mini wa'azin ƙaunar maƙiyi." Ban ji haushinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na daɗe ban kwana da kunne ɗaya a buɗe ba. Amma ba baƙuwar wannan ciwo ba ce ni. Ina da shekara goma sha ɗaya aka ƙone gidanmu a rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000, kuma na gane fuskar ɗaya daga cikin waɗanda suka zo da fetur. Kullum da safe yakan sayi ƙosai a wajen mahaifiyarmu. Shekaru masu yawa, in na zo wurin nan na Addu'ar Ubangiji da ke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in rufe bakina har a wuce shi.

A tsakiyar garin da nake zaune akwai wata tsohuwar babbar majami'a wadda ba ta da rufi. A daren 14 ga Nuwamban 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka kwana suna zuba wa Coventry bama-bamai. Mutum sama da 500 suka mutu, majami'ar kuma ta ƙone, ganuwa da hasumiya kaɗai suka tsira. Bayan wutar ta mutu, wani magini mai suna Jock Forbes ya ga gungumen rufi biyu da suka ƙone sun faɗo ɗaya kan ɗaya kamar gicciye, sai ya ɗaure su a haka aka kafa. Wani limamin coci kuma ya tsinci manyan ƙusoshi uku daga cikin toka ya haɗa wani ƙaramin gicciye. Shugaban majami'ar, Richard Howard, ya sa aka rubuta kalmomi biyu a bangon da ke bayan bagade, ma'anarsu ita ce, "Ya Uba, ka gafarta."

Ranar da na fara tsayawa gaban bangon nan na ɗauka mantuwa aka yi. Duk ɗan makarantar Lahadi ya san abin da Yesu ya faɗa a kan gicciye a Luka 23:34, "Ya Uba, ka gafarta musu." To ina "musu"? Ashe da gangan Howard ya bar ta. Da ya rubuta ta, da bangon ya raba duniya gida biyu, su Jamusawa masu zunubi a waje, mu masu tsarki a ciki. Shi kuwa ya san cewa mai roƙon gafarar ma yana bukatarta. Ba a cika shekara biyar ba, a Fabrairun 1945, jiragen Birtaniya da na Amurka suka mai da birnin Dresden na Jamus toka, mutum kusan 25,000 suka hallaka. Waɗanda aka ƙone jiya, ɓangarensu ne ya ƙone wasu yau.

Wannan ne ya karya mini gwiwa, 'yan'uwa, domin mu ma mun san gaskiyar da ba ma son faɗa a kan mumbari. A wannan rikici na 2000 da ya cinye gidanmu, akwai unguwannin da samari masu sunayen Littafi Mai Tsarki suka tare hanya suka kashe Musulmin da ba su ji ba, ba su gani ba. Wata yarinya tana can, sa'ata, wadda ita ma ta gane fuskar wanda ya ƙone nasu gidan, wataƙila ma ɗan ƙungiyar mawaƙan wata ikkilisiya ne. Ramuwar gayya, in ji Bahaushe, ta fi ta gayya zafi. Gaskiya ne ta fi zafi, amma kusan kullum a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba take sauka.

Da Yesu ya ce a Matiyu 5:44 mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, bai bar mu ba dalili ba. Ya ce domin mu zama 'ya'yan Ubanmu na sama, wanda yake fito da ranarsa a kan mugaye da nagari, yake aiko da ruwan sama ga masu adalci da marasa adalci. Duk manomi ya ga wannan da idonsa. Hadari ba ya tsayawa a kan iyakar gona ya tambayi halin mai ita. Ɗa kuwa da kamannin ubansa ake gane shi. Bulus ya ƙara zurfafa maganar a Romawa 5, ya ce tun muna maƙiyan Allah aka sulhunta mu da shi ta mutuwar Ɗansa. Ba a jira mun shiryu ba tukuna. In da Allah ya yi mana irin abin da muke roƙo ya yi wa maƙiyanmu, da babu ko ɗaya a cikinmu da zai zauna a benci ran Lahadi.

Shi ya sa wata irin addu'a da ta yaɗu a tarurrukanmu take damuna, wadda ake ta kiran wuta ta sauko ta cinye maƙiya, ana tafi ana amin. Yakubu da Yohanna sun taɓa neman izinin yin haka a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, sai ya juya ya tsawata musu. Romawa 12:14 ta faɗa sau biyu don kada mu ce ba mu ji ba: ku sa albarka, kada ku la'anta. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san nauyin wannan kalma. Mun san yadda ɗa yake tsoron bakin uwa, yadda kuma yake neman ta ce masa "Allah ya yi maka albarka." Sa wa maƙiyi albarka ba roƙo ba ne cewa muguntarsa ta yi nasara. Roƙo ne cewa Allah ya kama zuciyarsa kafin ya hallaka, ya ciyar da 'ya'yansa, ya mai da shi mutum.

Ku tuna da Istifanas. Ana jifansa da duwatsu ya roƙa kada a ɗora musu wannan zunubi, kuma saurayin da aka ajiye riguna a gabansa shi ne Shawulu, wanda daga baya aka sani da Bulus. Ba a daɗe ba Ubangiji ya aiki Hananiya a Dimashƙu wurin wannan mutum da ya zo kama su. Hananiya ya faɗi tsoronsa a fili, amma ya tafi, ya ɗora masa hannu, kalmar da ta fara fita daga bakinsa kuma ita ce "ɗan'uwa." Wasiƙun da muke karantawa kowace sujada, da yawansu daga hannun tsohon maƙiyin ikkilisiya suka fito. A gida ma mun gani. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowannensu ya taɓa neman ran ɗayan, ga shi sun shafe shekaru suna aikin sulhu tare daga Kaduna.

Kada wani ya ji ni a karkace. Ban ce a zauna a miƙa wuya ba. Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani. Bulus ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Romawa 12 ce ta hana mu ramuwa, amma surar da ke biye da ita ta ce ba a banza hukuma take riƙe da takobi ba. Saboda haka ku kai ƙara, ku ba da shaida, ku matsa wa gwamnati ta kama masu kisa ta hukunta su, kuma duk wanda ya ce wa gwauruwa ta yi shiru da sunan gafara ya zalunce ta karo na biyu. Abin da aka karɓe daga hannunmu shi ne ramuwa da ƙiyayya, ba neman adalci ba. Kuma ba a tilasta wa mai sabon rauni. Ni shekara nawa na ɗauka?

Bayan yaƙi mutanen Coventry sun aika da gicciyen ƙusoshi zuwa biranen Jamus, Kiel da Dresden da Berlin. Suka gina sabuwar majami'a, aka keɓe ta a 1962, amma suka bar kangon a tsaye kusa da ita, ba su shafe shi kamar ba a yi komai ba. Duk Juma'a da tsakar rana ana taruwa a cikinsa a yi addu'ar sulhu. Jagora yakan ambaci ƙiyayyar da ke raba al'umma da al'umma, da haɗama, da hassada, da girman kai, jama'a kuma su amsa, "Ya Uba, ka gafarta." In ba ni da aiki nakan je. Ban san sunan mai sayen ƙosan nan ba, ban kuma san ko yana raye ba, amma a nan na fara iya kawo fuskarsa gaban Allah ba tare da na nemi a ƙone shi ba. Wani makon nakan iya, wani makon hawaye kawai nake yi in dawo gida.

Ƙanwata, na san za ki karanta. Ban ce ki yi yau ba. In bakinki bai iya ba tukuna, ni zan riƙa yi a madadinmu duka biyu ran Juma'a, har ranar da za ki ce mini in jira ki mu yi tare.

Ku gai da iyayenmu na zumuntar mata, da dattawa, da yara duka.

Taku 'yar'uwa cikin Ubangiji,
daga Coventry, Ingila